Bakin Aro

Hawa na uku, kotun Bronx, safiyar Talata.
Na rataye rigar sanyi, na ɗaga hannun dama,
na rantse ba zan ƙara gishiri ba, ba zan rage ba.
Ni tafinta ne. Bakina na aro ne,
ana biyansa awa-awa.

Aka shigo da Hamissu, ɗan Tasawa,
mai kai abinci gida-gida a keken lantarki.
An zare masa igiyar takalmi.
Ya dube ni yadda matafiyi ke duban bakin rijiya.
Na kau da kai.
Ko "ina gajiya" ba hurumina ba ne a nan.

Daren Asabar, a titin Fordham,
wani ya fizge jakar tsohuwa, ta faɗi, kafaɗa ta goce.
Ga ta can a benci na biyu, Misis Delgado,
hannu rataye a wuya.
Ciwonta ba ƙage ba ne.

Lauyan gwamnati ya ɗaga takarda:
"Ya amsa da bakinsa. Ga rahoton ɗan sanda.
Sau uku ya ce sori."

Lauyarsa siririya ce, mai tari,
fayil talatin a jaka, kofi ya huce a gabanta.
Ta tashi ta fuskanci ɗan sandan.
Ka faɗa masa yana da ikon kame bakinsa?
Na faɗa.
Cewa kalmarsa na iya zama igiyar ɗaure shi?
Cewa ko ba shi da sisi za a ba shi lauya?
Na karanta masa duka daga kati.
Da wane harshe?
Ingilishi.
Ya fahimta?
Ya gyaɗa kai.

Gyaɗa kai!
Mu da aka raina a kan in babba na magana
ka sunkuya ka gyaɗa, ko da ba ka ji komai ba.
Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye.
Ba a aro bakin nan don ra'ayina ba.

Sai ta juyo: Hamissu, me kake nufi da sori?
Na juya masa. Ya yi shiru, ya murza yatsu.
"Na ga tsohuwa a ƙasa tana kuka.
A garinmu ko tuntuɓe ka yi, sannu ake ce maka,
ba don mu muka ajiye dutsen ba.
Sannunsu ɗaya na sani."

Na ɗauki maganar kamar ƙwarya cike da nono
na tsallaka da ita zuwa Turanci.
Ban san ko nawa ya zube a hanya ba.

Alƙaliya ta cire tabarau, ta daɗe tana rubutu.
Na'urar ɗumama ɗaki na ƙwanƙwasa kamar maƙera.
Ta ce: furucin nan ba zai shiga shari'a ba.
Haƙƙin da aka karanta wa kunnen da bai ji ba,
ba a karanta shi ba.
Mai ƙara ya kawo wata hujja in yana da ita.
A dawo sha tara ga wata.

Ba a sallame shi ba. Ba a ɗaure shi ba.
An dai mayar da ma'auni kan sifiri
kafin a ɗora kaya.

Misis Delgado ta miƙe da ƙyar,
jikarta na gyara mata mayafi.
Ita ma tana bin wani bashi,
kuma yau ba a biya ta ba.

A jirgin ƙasa mai lamba huɗu
matata ta kira: to, shi ya yi?
Na ce ban sani ba, Rakiya.
Na fi kowa kusa da bakinsa, ban kuma sani ba.
Zato zunubi ne ko ya zama gaskiya,
shi ya sa aka gina hawa uku da benci da rantsuwa,
aka kuma yi hayar bakina.

Wani ya taka ni a cunkoso.
Kafin ya buɗe baki,
na ji kaina na ce masa sori.